Wuƙar da Za Ta Tsufa a Aljihunka

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana kai albasa Yawunde daga Garwa, ya dawo da goro, kuma a duk tsawon wannan fatauci wuƙa ɗaya na san shi da ita. 'Yar siririya ce mai mariƙin ƙarfe, idan an naɗe ta ba ta wuce tafin hannu ba. Da ita yake tsaga goro ya miƙa wa baƙo ɓari, da ita yake yanke igiyar buhu, ita ce ta fere lemo a jirgin daren da ke tasowa daga Ngaundare, ita ce kuma ta fiƙe mana alƙalami idan za mu tafi makarantar allo. Lokacin da ya rasu, ruwanta ya sirance saboda yawan washi har ya koma kamar ganyen gamba, amma ko kaɗan gaɓarta ba ta girgiza. Ni kuwa ɗansa, mai taƙama da boko, cikin shekara shida na sayi wuƙar aljihu biyar, babu wadda ta ga Babbar Sallah biyu a hannuna.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan zamani, ina cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. Daga baya na gane ni ne ban iya zaɓe ba. Tsohon yana sayen wuƙa da hannunsa da kunnensa, ni kuwa da ido kaɗai nake saye.

Ta ƙarshe cikin biyar ɗin ita ce ta koya mini hankali. Baƙa ce wuluk, mai haƙora a gindin ruwanta kamar zarto, da wani maɓalli wanda in ka danna sai ta fito fat, kamar a fim. Mai sayarwa ya rantse mini irin ta sojoji ce. Wata rana ina yanka wani tiyo mai kauri a bayan gida, na ɗan danna da ƙarfi, sai sakatar da ke riƙe da ruwan ta goce, wuƙar ta rufo a kan ɗan alina. Ɗinki uku aka yi mini. Da na warke na kwance ta don in ga abin da ya ci amanata, sai na tarar da ƙananan noti har guda tara, da sifirin siriri kamar gashi, da wani ɗan falle na ƙarfe mai laushi wanda bakinsa ya riga ya cinye. Wannan ɗan fallen shi ne aka ɗora wa amanar yatsuna. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ra'ayina a wannan batu ɗaya ne: wuƙar aljihu ba daga ruwanta take mutuwa ba, daga gaɓarta take mutuwa. Ruwan wuƙa in ya dakushe a wasa shi, in ya yi tsatsa a goge shi, in tsininsa ya karye a sake fitar da wani a kan dutse. Amma ranar da ƙusar da yake juyawa a kanta ta saki, ko sifirin ya mutu, ko sakata ta daina kamawa, to an gama, sai juji. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi ita ce: gaɓoɓi nawa ne a jikin wannan abu, kuma wanne ne a cikinsu zai fara gajiya?

Kakanninmu ba su san wannan damuwa ba, domin wuƙarsu ba ta naɗewa. Maƙeri ya ƙera ruwa da jela a haɗe, a cusa jelar a ƙota, baduku ya ɗinka kube, mutum ya ɗaura a damtse ko ya soka a ɗamara. Har gobe babu wuƙa mai naɗewa da za ta kamo waccan a ƙarfi, kuma shi ya sa mahauta da masu tsire ba su taɓa barin ta ba. Zaman birni ne ya raba mu da ita. Wanda yake zaune a Briqueterie ko New Bell, yana shiga tasi kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba zai yi yawo da kube a damtse ba. Mun karɓi mai naɗewa ne don mu zauna lafiya da maƙwabta, kuma mun biya da wani abu na ƙarfin wuƙar. Hikimar zaɓe ita ce kada abin da aka biya ya yi yawa.

Sai bayan rasuwar tsohon na san asalin tasa. A garin Thiers na ƙasar Faransa, garin maƙeran wuƙaƙe, gidan Cognet ya fara ƙera wata wuƙa a 1929, ya sa mata suna Douk-Douk. Don tsibiran Melanesiya aka yi ta, har aka zana wani dodon mutanen can a jikin mariƙin, amma kasuwar ba ta karɓa ba, sai aka juya da ita Afirka ta Arewa, inda ta samu shiga ƙwarai, daga nan ta gangaro kudu da Sahara. Da yake Musulmi da yawa ba sa son ɗaukar abu mai siffar halitta, sai aka fitar da wata mai suna El Baraka, aka cire dodon, aka sa alamar nan ta Agadas da maƙeran Abzinawa ke yi da azurfa. Irinta ce ta mahaifina. Abin da ya fi tarihin jan hankalina shi ne ƙirarta: gaɓa shida ce kacal. Ruwa, falle ɗaya na ƙarfe da aka lanƙwasa ya zama mariƙi, sifirin mai kauri a ciki, ƙusa biyu, da 'yar ƙawanyar rataya. Babu noti da zai kwance, babu itace da zai tsage, babu roba da rana za ta busar. In ƙusar ta yi sako-sako bayan shekaru, a ɗora ta a kan uwar maƙera a ɗan buga, ta koma daidai.

Ba ta rasa aibi ba. Ba ta da sakata, ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe ta a buɗe, kuma mariƙin siriri ne, yana cin hannu in aikin ya yi tsawo. Amma ba ta yi wa kowa alkawarin ƙarya. Kana riƙe ta ka san ba ta kulle ba, sai ka yanka da kaifi kamar yadda ya dace, ba ka soka ba, ba ka banƙara ba. Wadda ta yanke ni kuwa ta ce mini a kulle take.

Akwai wata tsohuwar da tarihinta ya taɓa ƙasar nan ta wata fuska, wato Okapi. A garin Solingen na Jamus aka fara yin ta a 1902 don kasuwannin ƙasashen da Jamusawa suka mallaka a Afirka, kuma Kamaru na cikinsu tun 1884 har 1916. A wannan shekara ta 1902 ce ma sojojin Jamus suka ci Lamiɗo Zubairu da yaƙi a Marwa. Sunan kuwa na wata dabbar kurmin Kwango ne, 'yar'uwar raƙumin dawa mai zane a ƙafafu, wadda Turawa ba su daɗe da saninta ba a lokacin. Tun 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Mariƙinta itace ne, sifirinta a waje yake kwance a gadon baya inda ido ke ganinsa, kuma akwai zobe da ake ja kafin ta rufu. Ina son wannan ƙira domin ba ta ɓoye komai: sakatar tana gabanka, in ta fara cinyewa za ka gani. Sai dai sau da yawa takan fito daga masana'anta ba da cikakken kaifi ba, dole ka zauna da ita a kan dutse kafin ta yi aiki. Babbarta kuma ta yi ƙaurin suna a unguwannin Afirka ta Kudu da na Jamaika a hannun 'yan daba, abin da zan dawo kansa.

Ta ukun ita ce Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890 a yankin duwatsun Savoie. Itace ne guda aka tsaga, aka sa ruwa, aka ɗaure wuyan da ƙarfe. A 1955 aka ƙara mata wani zobe da ake murzawa ya tare ruwan kada ya rufo, kuma a ganina babu sakatar da ta fi wannan sauƙin fahimta, domin hannunka ne ke kulle ta, ba wani ɓoyayyen sifirin ba. Lamba-lamba ake yin ta, mai lamba 8 tana da ruwa na santimita 8.5, kuma ruwan siriri ne, yana ratsa albasa da nama kamar aska. Ga matsalarta a wurinmu: itacen yana shan danshi ya kumbura, ya shaƙe ruwan har farce ya kasa ciro shi. Mutanen Savoie suna da dabara, su buga ƙarshen mariƙin a kan tebur sai ruwan ya leƙo. A Marwa da rani ba za ka taɓa buƙatar wannan dabara ba. A Duwala da damina kullum sai ka yi.

Wannan ya kawo mu ga maganar ƙarfe, inda na ga ana yawan ruɗar mutane. Iri biyu ne a taƙaice. Akwai baƙin ƙarfe, wanda ƙarfe ne da ɗan sinadarin kabon da bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ne na Douk-Douk da Okapi na asali, kuma danginsa ne maƙeranmu ke samu a sifirin mota. Yana ɗaukar kaifi da sauri a kan kowane dutse, yana kuma tsatsa da sauri. Akwai kuma wanda muke kira inoks, wanda aka zuba wa kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, irin wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield a 1913. Shi ba ya saurin tsatsa. Mutane sun ɗauka kalmar inoks da aka buga a jikin wuƙa shaidar inganci ce, alhali cokalin shayi ma inoks ne. Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi shi ne yadda aka hore shi da wuta: a gasa shi, a tsoma shi a mai ko ruwa ya taurare, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai tsinkewa kamar gilashi. Duk maƙerin da ya gāji sana'ar ya san wannan. Masana'antar da ke neman araha a nan take yin ha'inci, domin ido ba ya gani, sai bayan mako biyu ka ga bakin wuƙa ya lanƙwashe a kan igiyar leda.

To wanne za a ɗauka? Ka dubi sararin samaniyar garinku. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, ga iskar teku mai gishiri, na Marwa kuwa bai kai 1,000 ba. Wanda ke bakin teku, yana zufa a aljihu tun safe har dare, inoks mai kyau ya fi masa, sai fa in mutum ne mai goge kayansa kullum. Wanda ke arewa ba shi da dalilin gudun baƙin ƙarfe. Kada kuma duhun da ruwan ke yi bayan an yanka lemo ko albasa ya tsorata ka. Wannan ba tsatsa ba ce, wata riga ce da ƙarfen ke yi wa kansa, tana ma rage masa ja'in tsatsa. Jar tsatsa mai cin rami ita ce abin gudu.

Ban manta da jar wuƙar nan ta Suwizalan ba, Victorinox, wadda gidan Karl Elsener ke yi a garin Ibach tun ƙarshen ƙarni na 19. Za a ce ta saɓa wa ƙa'idata, tunda gaɓoɓinta da yawa. Gaskiya ne, amma kowane sifirin nata mai kauri ne, kuma da ƙusa aka dasa su, ba da noti ba. Ma'aikacin ofis ko ɗalibi ya nemi mai baki biyu ko uku, ya bar mai baki ashirin ga masu son nuna wa abokai. Babbar masifarta jabu. Duk wuƙar da ta yi suna an kwaikwaye ta, kuma in ka ga ana sayar da mai tambarin Suwizalan a kuɗin kwanon shinkafa, ka san me ka saya. Ba ina cewa duk abin da ya fito daga Sin banza ba ne, akwai masana'antu a can masu aiki na ƙwarai. 'Yan kasuwarmu ne ke zaɓo mafi araha su kawo mana, domin sun san da ido muke saye.

A gaban mai tebur, ga abin da na koya daga kallon tsohon. Ka buɗe ta a hankali kusa da kunnenka: mai kyau takan zauna da ƙara ɗaya tsaf, maras kyau takan yi ƙurmus-ƙurmus kamar da yashi a ciki. Ka kama bayan ruwan da yatsu biyu ka girgiza hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Ɗan motsin gefe ana iya gyara shi da guduma in ƙusa ce, amma motsin sama da ƙasa a wuƙa mai sakata yana nufin sakatar ba ta kama ba, ka ajiye ta ko da kyauta aka ba ka. Ka rufe ta ka leƙa: ruwan a tsakiya ya kwanta ko yana gogar bango? Ka shafa yatsa a kan mariƙin ka ji ko tsinin ya leƙo waje, domin tsinin da ya leƙo shi ke huda aljihu, wata rana ya huda cinya. Mai haƙoran zarto kuwa ka bar masa abarsa, dutsen gida ba ya wasa ta. In mai kaya ya hana ka wannan gwaji, ya riga ya ba ka amsa.

Saura magana mai nauyi, wadda ta shafe mu fiye da sauran mutanen ƙasar nan. A kudu, idan aka ce Bahaushe, abin da ke faɗo wa mutane da yawa a rai shi ne mai nama da wuƙarsa. Sana'a ce ta mutunci, ta ciyar da gidaje, ba ma jin kunyarta. Amma tun 2014, da fitinar Boko Haram ta tsananta a Arewa Mai Nisa, shingayen bincike suka yawaita, kuma kowa ya san wanda aka fi saukewa daga mota a zazzage masa jaka: mai doguwar riga da hula. Dokar makamai ta Disamba 2016 ta lissafa makamai masu kaifi cikin rukunanta, kuma a kan hanya jandarman da ke gabanka ne zai fara yanke hukuncin ko abin da ke aljihunka kayan aiki ne ko makami. 'Yar wuƙa mai mariƙin itace, ruwanta bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, ga alamar lemo a jikinta, tana ba da labarin kanta. Baƙa mai fitowa fat da maɓalli ita ma tana ba da nata labarin, kuma ba kai kaɗai take yi wa shaida ba, har da duk mai hular da zai zo bayanka. Ko Douk-Douk ɗin da nake yabo, hukumomin Faransa sun taɓa hana shigar da ita Aljeriya a lokacin yaƙin neman 'yanci, saboda abin da aka riƙa yi da ita. Shi ya sa ba na ba ɗan birni shawarar babbar Okapi, duk da ina son ƙirarta. Wuƙar da aka ƙwace a shinge, ƙarkonta bai amfane ka da komai ba.

Na san samari za su ce ai don kare kai suke ɗauka, gari ya lalace. Ban raina tsoronsu ba, ni ma na bi lungu da dare gabana na faɗuwa. Amma wanda ya zaro wuƙa a cikin rigima ya mayar da faɗan mari ya zama na jini, kuma ko ya yi nasara, kurkuku ke jiransa, unguwa kuma ta kwana cikin zargi. Mahaifina ya bi hanyar Garwa zamanin da 'yan fashi ke tare motoci, ban taɓa jin ya ambaci 'yar wuƙarsa a cikin abin da ya tsare shi ba.

Sauran ƙarkon yana hannun mai ita. Yawancin tsinin da ya karye, wajen kwance noti ko ɓalle murfin gwangwani ya karye, aikin da ba na wuƙa ba. Kada a yanka a kan faranti ko siminti. Kada a kai ta wurin mai injin washi na bakin kasuwa, wanda dutsensa ke tartsatsi: zafin yana kashe horon da aka yi wa bakin, kuma yana cinye ƙarfen shekara biyu cikin minti ɗaya. Dutse mai laushi da ɗan ruwa ya isa, a kwantar da ruwan kaɗan, a ja kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, a ƙarasa a bayan tsohon ɗamarar fata kamar yadda wanzamai ke yi wa aska. In babu dutse, gindin kofin tangaran inda ba a shafe ba yana yi. Ɗigon mai ɗaya a gaɓa, a kakkaɓe ƙurar aljihu da tsinke. Ranar layya kuma a bar ta ta huta, a ɗauko babbar wuƙa ta yanka, wannan ba hurumin ta aljihu ba ne. Mai hawa jirgin sama ya sa ta cikin akwatin da za a auna, in ba haka ba a filin jirgi zai yi bankwana da ita.

Ta mahaifina tana hannun ƙanena yanzu. Bara na are ta na tafi da ita Marwa, na nuna wa wani dattijon maƙeri, na tambaye shi ko za a iya yin irinta a nan, tunda gaɓa shida ce kawai. Ya juya ta, ya buɗe ya rufe sau uku a gefen kunnensa, ya leƙa cikin mariƙin ta wajen haske.

Ya ce, "Ɗana, ruwan ba wuya, mariƙin ma falle ne, yaron nan zai lanƙwasa shi. Wannan na ciki shi ne aikin. In ya yi tauri ya karye, in ya yi laushi ya kwanta."

Na ce, "To Baba, ba za ta yiwu ba ke nan?"

Ya ce, "Wa ya ce maka? Samo mini sifirin tsohuwar mota, ba na waɗannan sababbin ba. Ka bar mini wannan ta kwana biyu a nan in dube ta."

Na ce ba tawa ba ce, amana ce. Ya yi dariya, ya ɗauko gawayi, ya kwantar da ita a kan wani guntun kwali ya zana siffarta a buɗe da kuma a rufe, ya miƙo mini ita, ya ce in dawo bayan Sallah.